Yadda Na Kai Gangar Kawu Banda

Ɗan Issa

Ana idar da sallar asuba na rataya gangar Kawu Mamman na nufi tashar garinmu, Ɗan Issa. Shi ke yi wa ƙauyukan bakin tabkin Madarumfa kiɗan biki tun ban yi wayo ba, amma bana kafaɗarsa ta ƙi, sai ya tura ni auren ɗan wani masunci, Malam Hassan. Fitata ta farko ke nan ni kaɗai. Kuma labari ya riga ya iso mana cewa uwar ango, Hajiya Rabi, kiɗan sono take so, irin na samarin nan masu manyan lasifikoki. Mijinta ne ya kafe a kan ganga. In na yi abin kunya, gidanmu ya rasa bakin tabki ke nan.

Ɗan kabu-kabun da na samu ya dubi gangar ya ce kuɗin mutum biyu zan biya.

"Ganga ce hwa," na ce.

"Ni mazauni nika saidawa, ba ruwana da mai rai ko marar rai."

Na biya ina ƙunƙuni. A shingen jandarma wani ya ce in buga ya tabbatar ba kaya na cusa a ciki ba. Na sa gula, sandar kiɗan, sau uku, awakin da ke gefen hanya suka watse. Ya ce mu wuce, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Madarumfa

Mun shiga gari rana ta take, irin zafin nan na bayan girbi da ke sa mutum ya tsani rigarsa. Na ci soyayyen kifi da kwaɗon zogale a bakin kasuwa, sannan na hau amalanken shanu da za ta ƙauyen. Muna kan tudu gumi na zuba. Muna gangarawa fadama sai iska ta sauya, kamar an buɗe murfin randa a fuskata, ga ƙanshin laka da ɗanyar albasa. Tsakanin wutar da sanyin bai fi jifa biyu ba. Har sân da ke jan mu ya rage sauri, ban kuma ga laifinsa ba.

Bakin tabki

Malam Hassan mutumin kirki ne, kirkinsa kuwa shi ya kusa kashe ni. A wurinsu girmama baƙo shi ne a ba shi wuri mafi sanyi, don haka ya shimfiɗa mini tabarma a wata rumfa cikin lambunsa, dab da ruwa. Gangar ma ya karɓa da hannu biyu ya rataye a reshen mangwaro, saman hanyar ban-ruwa.

"Ita ma ta sha rana, bari ta huta," in ji shi.

Na yi godiya. Rabona da barci mai daɗin wannan tun ina goye.

Da gari ya waye tabkin na tururi, raɓa ta jiƙe mayafina sharkaf. Mata sun fito da kwalliya, ango ya sha babbar riga, aka ce makaɗi bismilla. Na gyara tsayuwa na sauke gula. Abin da ya fito sai ka ce an mari tuwon jiya. Na sake, ta ce "buf". Fatar ta sha damshi ta saki, har yatsa na nutsewa.

Na sunkuce ta da gudu. Na kai ta rana, ranar ba ta keto hazon ba tukuna. Na kanga ta a garwashin mai shayi, wuri ɗaya ya yi zafi, sauran na nan a sake. Ina ɗagowa na ga Hajiya Rabi na kwance bakin zane tana ciro waya, tana ce wa mijinta:

"Malam, na hwaɗa maka. In kira yaran nan, kahin hantsi sun iso."

Sai wata tsohuwa mai bandar kifi, Inna Hajo, ta ja hannun rigata.

"Kai ɗan Mamman, taho da ita."

Ta ture tarwaɗa gefe a kan ragar banda, ta kwantar da gangar a tsakiyarsu, tana juya ta yadda take juya kifinta. Hayaƙi mai ɗumi ya ratsa ta ko'ina. Can ta ƙwanƙwasa da farce ta miƙo mini. Bugu ɗaya, Hajiya ta mai da waya bakin zane.

Matsalar ita ce, da na koma filin biki ƙarƙashin itatuwa, waƙa biyu fatar ta sake saki. Na ruga banda na dawo, na sake rugawa. A karo na uku Malam Hassan ya ce a kwaso tabarmi. Haka biki ya tare a bayan gidan Inna Hajo, mata da leshi da shadda suna rawa cikin hayaƙin kifi, idanu na hawaye. Da la'asar Hajiya Rabi da kanta ta shigo fili, tana rawa tana zagina a kan turarenta da ya tafi a banza. Kafin in tafi ta ce ƙanen ango ma na tafe bayan salla, kada in sake in aiko wani.

Komowa

Washegari a mota wata mata ta shaƙi ƙarnin gangar, ta nace sai na sayar mata da kifin da na ɓoye. Kyanwar tasha ta raka ni har ƙofar gida.

Na tarar da Kawu a zaure. Bai tambaye ni biki ba. Ya karɓi gangar ya kai hanci.

"Hajo na nan da rai ke nan."

"Kawu, ashe ka sani?"

"Duk shekara nan nika kai ta, kahin kowa shi tashi."

"To mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"Ni wa ya hwaɗa mani? Bikin da na hwara yi wa kiɗi ma watsewa ya yi."

Ya yi dariya har kafaɗar ta motsa ya kama ta. Na tashi zan rataye gangar a ƙusarta da ke ɗakinsa, sai ya ce a'a.

"Kai ta ɗakinka. Innarka ta gaji da ƙarnin kihi, yanzu matarka ta ɗana."

Na tsaya riƙe da ita, ga idona ya cika, kuma babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Hassan da Inna Hajo. Matata dai har yau ba ta gode wa kowa ba.