Fitilar Baba Ta Yi Yana

Mahaifina bai taɓa yin laifi a kan hanya ba. In ya faɗa rami, ramin ne sabo. In ya taka kaza, kazar ce ta gaji da duniya. Don haka shekarar da ya fara lalube da zarar magariba ta yi, babu wanda ya yi mamaki da ya ce laifin fitilar mota ne.

Direban haya ne tsakanin Tambuwal da Kebbe tun kafin a haife ni. Motar tasa tsohuwa ce, murafen fitilunta na roba, rana ta dafa su har sun koma kalar ruwan tsamiya, ga karcen ƙaya da tsakuwa.

"Wagga fitila ta yi yana," in ji shi. Kalmar da ya zaɓa ke nan, irin yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce.

Ya fara da makilin. Innarmu ta nemi na gidan ta rasa, sai ga shi a goshin mota. Wata guda motar ta fi kowa ƙanshin baki. Ya koma toka da lemun tsami. A tasha wani ya ce man birki ne maganinta. Ta yi sheƙi kwana biyu, rana ta uku dishi-dishinta ya fi na da. Ya canza ƙwan fitila sau biyu, ya yi faɗa da mai gyaran wuta sau uku.

A lokacin ina koyarwa a Tambuwal, da iyalina. Wata rana na biyo shi daga Kebbe, rana ta faɗi muna hanya. Can gaba ga amalanken shanu ɗauke da kara. Na gan ta tun daga nesa, har da farin bijimin da ke hannun dama. Baba bai rage gudu ba. Sai da wata mata a baya ta kurma salati ya taka birki, kara na shafar gilashi.

"Ka dai gani ko?" ya ce. "Fitila."

Na ce na gani. Gaskiya na faɗa, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai. Amma ɗa ba ya duban ubansa ya ce masa idonka ya mutu, balle uban da makullin mota ne duk sarautarsa. Ranar da ya ajiye shi, ya zama tsoho mai zaman tabarma, kuma ya san haka.

Sai na je wurin wani mai fentin mota ya koya mini aikin goge fitila yadda ake yinsa. Rabin zuciyata na addu'ar a ce fitilar ce. Ɗaya rabin ya san abin da yake yi.

Ranar Asabar na zauna a ƙofar gida da bokitin ruwa. Na zagaye fitilun da salatif don kada in ci fenti, ko da yake fentin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na jiƙa takardar sanfefa mai kaushi na yi ta guga a kwance, na ɗauki mai laushi na bi a tsaye. Ruwa rawaya na ta zuba. Fitilar ta koma fari fat kamar nono.

Baba na kan benci yana kallo. "To, ka ida kashe ta. Allah shi yi maka albarka."

Na bi da mafi laushi, na shafa man sheƙi na murza da tsumma har kafaɗata ta ƙage, sannan na fesa ruwan kariyar da mai fenti ya ba ni. Kafin la'asar kana hango ƙwan fitila tar a ciki. Maƙwabcinmu ya tambaya ko sababbi muka saya.

Da muka dawo sallar magariba Baba ya shiga ya kunna. Haske ya daki katangar maƙwabci, har tsagar da damina ta yi mata ta fito. Ya sauko ya tsaya gaban motar. Ya goge fitilar da bakin rigarsa. Ya duba katanga. Sannan ya goge idonsa da wannan bakin rigar, ya sake dubawa. Ya daɗe a tsaye.

"Kai, mi kaka gani ga bangon can?"

"Tsaka, Baba."

"Guda?"

"Biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya koma ya kashe fitila don kada batir ya mutu, ya kulle ƙofa, ya ja ta ya tabbatar ta kullu, kamar kullum. Na so in yi kuka, amma ba a yi wa fitila kuka a gaban mutane.

Ya miƙo mini makullin.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Gobe ka tambayo man inda aka gugar yanar mutane."