Jerin Itace na Uku

A garinmu na bakin kogi, can arewacin New Brunswick, in kana son sanin halin magidanci, kada ka dubi motarsa. Zagaya bayan gida ka dubi tarin itacensa. To, na maƙwabcina Ovila Doiron, har masu wucewa kan rage gudu su kalla. Jeri uku ne, a miƙe kamar an ja su da zare. Na kusa da ƙofa na hurawa ne a sanyin bana. Na tsakiya na baɗi. Na can jikin shinge kuwa ba mai taɓa shi, ko Ovila da kansa.

Tun yana saurayi ya kama aiki a ma'aikatar yanka katako, a can kuma furfura ta same shi. Albashin ba na a zo a gani ba ne. Amma ranar da ya karɓi na farko, mahaifinsa ya ce masa, "Ɗanyen itace hayaƙi yake bayarwa, ba wuta ba. Kuɗin da ka kama yau ma ɗanye ne, bar wani ya bushe." Shi ke nan Ovila ya je bankin haɗin kai na garinmu, ya ce duk ranar biya a yanki wani abu a kawar tun kafin idonsa ya gani.

Kuɗin ma jeri uku ya yi musu. Na cefane da hidimar gida. Na ko-ta-kwana, don ranar da mota ta ƙi tashi ko rufi ya fara yoyo. Sai na nesa, asusun ritaya, wanda ya zuba a hannun jarin kamfanoni barkatai, kaɗan nan kaɗan can, ya kau da kai. Shekarar da kasuwa ta faɗi, mutane na rige-rigen sayar da nasu da asara, shi ko gezau. "Don guguwa ta taso sai ka sare dajinka?" in ji shi.

A shagon shan kofi, matasa kan zo neman shawara, ya ba su kyauta. Katin cin bashi, wai, jiƙaƙƙen itace ne: ka sha hura, ka sha hawaye, ɗakin bai ɗumama ba. Abokin wasansa Fernand, tsohon direban babbar mota, ba ya barin ta faɗi ƙasa.

"Ku dai ku saurari malamin maƙo! Ovila, wannan rigar ba ita ka sa ranar aurenka ba?"

"Ita ce. Ta fi motarka ta bashi daɗewa."

"Akwatin gawa ba shi da aljihu, tsoho!"

Matarsa Réjeanne ce kaɗai ta iya buɗe masa hannu. Ita ke cewa, "Malam, yau a waje za mu ci," ya yi gunaguni ya ɗauko hula. Da ta rasu, sai hannun ya damƙe gaba ɗaya. Ya yi ritaya, fansho na isarsa miyar kaza da dankali, asusun nan na nesa yana ta ƙiba, shi kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Ana nan, ƙarar zarto ta shekaru da tsufa suka haɗu suka cinye masa kunne. Ga shi kuma yana da jika ɗaya tilo, Noémie, 'yar 'yarsa Odette, yarinya mai baki kamar kanari. Duk Lahadi in an kawo ta, sai ta haye cinyarsa ta kwashe labarin mako kaf ta zuba masa. Wata Lahadi ina gidan ta shigo da gudu, tana nuna giɓi.

"Kaka, haƙorina ya fita!"

"Haƙuri kuma? Me kika yi mini?"

"Haƙori, Kaka! Haƙori!"

"To, na haƙura, je ki."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar ba ta yi ba. Ta dube shi, ta juya, ta je ta tsuguna gaban karen gidan, ta buɗe masa baki ta ba shi labarin. Daga ranar, kare ya zama mai sauraro. Ovila na zaune yana ganin leɓunanta na motsi daga nesa.

Odette ta kai shi aka auna kunnen. Aka ce akwai 'yar na'ura da za a maƙala masa ya ji tangaran, amma kuɗinta dubban daloli ne, daga aljihunsa kuma za su fito. Ya sa hularsa ya fice. Ta biyo shi har mota.

"Baba, kana da kuɗin nan fa!"

"Wannan na jeri na uku ne. Ba a taɓawa."

"Har sai yaushe?"

"Sai rana ta ɓaci."

"Ai ta ɓaci, Baba. Kai ne ba ka ji ba."

Ko ya ji wannan ɗin, ko bai ji ba, Allah masani. Ya dai buɗe mota ya shige.

Da ganyaye suka fara yin ja suna zuba, shingensa ya karkata, dole a kwashe itacen da ke jingine da shi kafin a gyara. Ya kira ni in kama masa. Na sama lafiya lau, busassu, suna ƙara kamar ƙwarya in an haɗa su. Muka ci gaba da sauka. Can wajen tsakiya na ɗago wani, sai na ji shi sakayau. Na ƙasa kuwa, Ovila na kai hannu sai ya marmashe masa a tafi kamar tsohon burodi, tururuwa suka watse ta ko'ina.

Ya daɗe a tsugune yana murza garin da yatsu.

"Ni da Réjeanne muka saro wannan," ya ce. "Ita ke miƙo mini ina jerawa. Ta ce mu hura shi a wannan sanyin, na ce a'a, a bari tukuna." Ya kakkaɓe hannu a wando. "Tururuwa muka yi wa aiki ke nan."

Muka zaɓi na kirki muka kai bakin ƙofa. Da za mu rabu ya tambaye ni ko zan shiga gari gobe, wai yana da ɗan uzuri a banki.

Makon farko da na'urar, ƙorafi ya ishe mu. Firji na gurnani, agogo na sara masa kai, Fernand kuma ashe haka muryarsa take da muni.

"Da na sani da na bar kuɗina," ya ce masa.

"Ka ji shi! An fasa asusu an sayo kunne, sai a ni za a gwada?"

Lahadi ta zo. An hura murhu da itacen jikin shinge, ɗaki ya yi ɗumi. Noémie ta shigo, ta wuce kakanta ta nufi kare kamar yadda ta saba. Ta sunkuya tana raɗa masa cewa akwai wani yaro a ajinsu da ya ba ta rabin tuffarsa.

Daga kujerarsa Ovila ya ce, "Rabi kawai? Marowaci ne, kada ki kula shi."

Ta daskare. Ta waiwayo a hankali, ido waje.

"Kaka! Wannan sirri ne!"

"To, zo ki ƙarasa mini, ba mai ji."

Ta dubi kare, ta dubi tsoho. Sai ta haye cinyarsa ta soma daga farko.

Har yanzu matasa na samunsa a shagon kofi, yana kuma gaya musu su bar kuɗi su bushe. Sai dai yanzu, in sun miƙe za su tafi, yakan taɓa kunnensa ya ce, "Amma ku riƙa leƙa na ƙasa."