Gidan Sauro a Cikin Tafki

Ɗakin kwananmu dogo ne, tsohon ginin ƙasa mai rufin kwano, tagoginsa suna kallon wani tafki da ke cika da damina. Ranar da muka iso makarantar aka ba kowace yarinya gadon ƙarfe, da jan bargo, da kwanon sha, da gidan sauro fari fat. Ni 'yar Nguru ce, na saba ganin baƙin kaya a tashar jirgi, amma da na shiga nawa sai na ji kamar gajimare aka sauko mini da shi.

Maƙwabciyar gadona 'yar masunta ce daga Dagona. Ta murza nata gidan sauron da yatsu, ta ce, "Ƙawa, wannan ko jaririn kifi ba zai kuɓuce masa ba."

Abincin makaranta ya gagare ta. Kullum tuwon gero da miyar kuka, babu ko ƙamshin kifi. Ta rame har zane yana zame mata. Ta gaya mini duk ranar da kawunta ya biyo da jakunan banda daga Gashuwa, bin shi za ta yi gida. Ni kuwa ban da kowa sai ita.

Wata Juma'a bayan wanki ta kwance gidan sauronta, muka gangara tafki. Ta riƙe gefe, na riƙe gefe, ruwa har ƙugu, furannin bado suna shafa mana hannu. A ranar na fara jin dariyarta.

Muna zube ƙananan karfasa a kan ciyawa sai ga Iya, dattijuwar da ke kula da ɗakinmu.

"Ku 'yan nema! Gidan sauron makaranta kuka mai da taru?"

"Iya, ai sauron ma daga nan yake tasowa," in ji ƙawata.

Iya ta duƙa ta juya kifin da tsinke.

"Wannan ne kamun? Mu a garinmu kyanwa muke ba wa irinsa."

Ta sa muka wanke gidan sauron har hannuwanmu suka yi fari. Da yamma ta buɗe sito ta jefo mana wani tsohon gidan sauro da ɓera ya ci gefensa.

"Ranar Juma'a kawai. Kuma kan kifi nawa ne."

Da kawun ya zo, na tsaya a taga ina kallon su a bakin ƙofa. Sun daɗe suna magana. Can ta juyo a guje, da ƙunshin banda a hammata.

"Me kika ce masa?"

"Na ce sai hutu. Matsa mini, ki kira Iya kafin sauran su ji ƙamshi."