Riƙon Yankan Albasa

Tana tsaye gaban teburin mai wuƙaƙe, ta jawo mayafi har kan idonta na hagu duk da zafin da ake yi. Za ta kai shekara arba'in. Yatsunta duk tabon yanka ne, irin na wadda ta tsufa a kicin.

"Ta girki kike so, Yaya?" in ji mai wuƙaƙen.

"Ta tsare kai," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya ɗauko wata gajera mai kube yana koya mata: a damƙe ƙotar sosai, kaifi ya kalli waje, a ja da baya ana ihu. Tana gyaɗa kai kamar ɗaliba. Amma yana miƙa mata sai hannun ya koma abin da ya sani. Kaifin ya juyo yana kallonta, babban yatsa ya tare gabansa, yadda ake yanka albasa a hannu. Ya gyara mata, ta koma. Ya sake gyarawa, ta sake komawa.

"Ai haka kanki za ki yanka. A hanya ake tare ki ne?"

"Za ta ɓoyu a ƙarƙashin filo?"

Bai ƙara tambaya ba, ya naɗe mata a takarda.

Ina kallo ta cusa ta cikin kwandon cefane, a gefen tumatir. Ban san wanda take tsoro ba, amma cefanen na mutum biyu ne. Jikina yana ba ni kafin sati ya zagayo, da wuƙar nan za ta yanka masa albasar miya.