Wutar Mbah Sarkowi

Shekara arba'in da ɗoriya Mbah Sarkowi, wato Kaka Sarkowi a yarensu, ya yi yana walda a 'yar rumfarsa da ke gindin dutsen Sumbing, daidai inda kwalta ta ƙare, hanyar gonakin taba ta miƙe sama. A wurin kawunsa ya koyi riƙe wuta. Da fartanya da ƙofar ƙarfe ya fara, har Allah ya kawo zamanin kekunan hawan dutse.

Da farko na 'ya'yan birni ne, masu faɗin taya da giya barkatai da fenti mai ɗaukar ido. Da babur ya yi araha sai aka watsar da su, suka gangaro ƙauye, manoma suka kwashe. Keke ne mai ƙarfi, ba ya tsoron tudu, sai dai ba shi da wurin ɗora kaya. Nan Sarkowi ya shigo. Zai kankare fenti wuri huɗu, ya liƙa kariya ta rodi wadda za ta ɗauki damin ciyawa biyu ba ta lanƙwasa ba. Waldarsa jere take kamar kitso, ko a kasuwar Parakan aka gan ta an san hannunsa. Da wannan wutar ya aurar da 'ya'ya uku. Ya binne matarsa, idonsa na hagu ya dushe, rumfar tana nan.

Sai abin da aka zubar ya zama abin nema. Mutanen birnin Semarang suka fara zuwa da motoci, suna bi gida-gida neman tsofaffin kekunan nan, amma sai wanda fentinsa na asali ne, tambarinsa bai goge ba. Babbansu shi ne Pak Wiratmo, wato Malam Wiratmo, likitan haƙori, wanda aka ce kekunansa a bango suke rataye, tayarsu ba ta san ƙasa ba.

Ranar da ya fara tsayawa a rumfar ya daɗe yana kallon wata kariya da ke jingine, sannan ya fashe da dariya.

"Mbah, ashe kai ne! Mun daɗe muna yi maka Allah-ya-isa ba mu san fuskarka ba. Cikin kekuna goma da muka gano, tara ka riga mu ka kai musu wuta. Ka san abin da muke kiransu? Gawar Sarkowi."

"Ni dai a sanina suna tafiya, Pak," in ji tsohon. "Gawa ba ta hawan tudu."

Aka yi dariya, aka sha shayi. Da zai shiga mota likitan ya bar masa lambar waya.

"In ka ga wanda bai sha wutarka ba, ka kira ni. Musamman mai kore a gaba, ja a baya, kaɗan aka ƙera. Ka tsirar da ɗaya, Mbah, mu yafe maka sauran."

Da wasa ya faɗa. Amma ranar Sarkowi bai taɓa shinkafarsa ba. Duk keken da ya wuce da kaya sai ya bi shi da ido ɗayan nan, yana kallon tabon ƙuna wuri huɗu, abin da bai taɓa gani a matsayin tabo ba. Daga nan ya sa wa ransa abu guda: kafin ya mutu, keke ɗaya ya fita daga hannunsa yadda ya shigo.

Bayan shekara biyu, wata safiyar Laraba, Ponirah ta turo irin keken da likitan ya faɗa har bakin rumfa. Kore a gaba, ja a baya, ko ƙwarzane babu. Ponirah gwauruwa ce mai awaki bakwai a nan ƙauyen. Mijinta Kasmin ya ci keken ne a ƙuri'ar bikin samun 'yancin kai tun suna da ƙuruciya, ya kafe shi a falo, ya lulluɓe da zane. Sau biyu a shekara yake hawa, ranar Sallah, daga gida zuwa masallacin Idi. Wata biyar ke nan da rasuwarsa.

"Kang, kariya nake so," in ji ta, da sunan da suke kiran yaya. "Irin ta maƙwabcina Pak Jumadi, mai ɗaukar dami biyu. Wuyana ya daina yarda da ciyawa."

Sarkowi ya zagaya keken bai taɓa shi ba.

"Ponirah, wannan ba a kai masa wuta. Akwai masu nemansa ido rufe. Ki ba su, ki sayi babur."

"In hau babur da wace ƙafar? So kake in bi Kasmin tun awakina ba su haihu ba?"

"To ga wancan, da kariyarsa. Ki ɗauka, ki bar wannan."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi magana a hankali.

"Shekara talatin ina goge wa keken nan ƙura. Shekara talatin ina sauko da ciyawa a gadon bayana, in wuce shi a falo yana hutawa cikin zanen aurena. Allah ya jiƙan Kasmin, mutumin kirki ne, amma ko dami ɗaya bai taɓa ɗaukar mini ba. To kekensa zai ɗauka."

Tsohon ya roƙi kwana biyu. Tana juya baya ya kira Pak Wiratmo, shi kuma ya ce Lahadi da sassafe yana tafe, shi zai san yadda zai lallashe ta. Sannan Sarkowi ya zauna ya ƙera kariyar da ba ta buƙatar wuta, ta matsi da noti, ya naɗa robar tsohon tiyub a duk inda ƙarfe zai taɓa fenti. Ran Juma'a ya miƙa mata. A ransa ya san abin da dami biyu jiƙaƙƙu ke yi wa noti a gangaren Sumbing. Ya ce da kansa kwana biyu ne kawai.

Ran Asabar da hantsi ta dawo tana ɗingishi, ƙaurinta a ɗaure da tsumma, jini ya ratso. Kariyar ta zame a gangare, kayan suka rinjaye ta cikin kwalbatin gona. Abin da Sarkowi ya fara dubawa keken ne. Keken bai ji ciwo ba. Da ya ɗago ya ga ta ga inda idonsa ya fara zuwa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a benci, ta miƙe ƙafar.

"Kang, yaushe ka fara tsoron fenti? Da ba haka kake ba."

Gajimare ya sauko ya rufe gonakin sama, aka fara yayyafi. Can Sarkowi ya ɗauko takardar kankare fenti, ya durƙusa, ya goge jan fentin wuri biyu, ya koma ya ƙara biyu. Da ya kunna wutar, fentin da ke kewaye ya kumbura, ya yi baƙi, ya naɗe kamar ganye a murhu. Waldar ba ta jeru kamar da ba, amma ta kama. Ya hau kan kariyar da dukan nauyinsa, ko motsi.

Ran Lahadi Pak Wiratmo ya iso da bargo biyu na naɗe keke a bayan mota. Yana fitowa Ponirah na gangarowa daga gona, ciyawa ta rufe komai sai tayar gaba da ɗan koren ƙarfe. Ta gaishe su ta wuce, tana turawa, tana ɗingishi.

Likitan ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Haba, Mbah," kawai ya ce.

Sarkowi ya zuba masa shayi. Likitan bai sha ba, kuma bai ƙara tsayawa a rumfar ba. Motocin Semarang sukan wuce har yanzu, ba mai ɗaga hannu.

Tsohon ya ƙara damina biyu yana aiki kafin idon dama ya bi na hagu. Yanzu a bakin rumfar yake wuni, ƙofar a rufe a bayansa. Kullum da hantsi yakan ji ƙarar wani keke yana saukowa da nauyi, birkinsa na kuka.

"Kang, ka karya kuwa?"

"Na karya, Ponirah. Ya ƙafar?"

"Tana nan. Da sanyi takan tuna da kai."