Na Kai Kwamfutar Yaya Habibu Gyara Kaduna

Laraba: Suleja zuwa Abuja

Ana sallame sallar asuba na fito daga gidanmu na haya a Kwamba, rungume da kwamfutar Yaya Habibu a cikin bargo kamar mai kai jariri asibiti. Ni tela ne, keken ɗinki kawai na sani. Amma da yake ni ne mai ƙafa a gidan, tafiyar a kaina ta faɗo.

Yaya Habibu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke lissafin kayan sito a wani kamfanin gine-gine a Abuja, kullum ya je ya dawo a motar haya, har ranar da bas ɗinsu ta ƙwace wajen Zuba. Ƙafafunsa suna nan, amma tun daga ranar ba su ƙara ɗaukarsa ba. Kamfanin bai sallame shi ba. Suka kawo masa kwamfuta gida, a cikinta akwai wata 'yar na'ura da ake kira modem, mai aika aiki ta layin tarho. Mai gidan da muke haya ya yarda aka jawo waya daga tarhonsa ta taga. Kullum sai direban kamfani ya kawo takardun sito, Yaya ya shigar da su, da la'asar ya aika ofis.

Kowace safiya sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga da hula, ya shafa turare, sannan matarsa Anti Rabi ta durƙusa ta sa masa safa da baƙin takalmi sau-ciki. Daga gadonsa zuwa tebur bai wuce tsawon tabarma ba. Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Yaya, wai wa zai ga takalmin nan?" Ya harare ni, ya ce, "Kai ka taɓa ganin na je ofis da silifa?"

Ana nan sai kamfani ya aiko ma'aikaci ya cire tsohon tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ya sa sabo. Tun daga nan abu ya lalace. Da ya buɗe manhajar aika aiki, modem ta fara kukanta, sai allon ya koma shuɗi, komai ya tsaya cak. Ya kashe ya kunna, ya canza waya, ya goge manhajar ya sake sa ta daga faifai, duk a banza. Aikin sama da mako guda ya taru. Abinci ma ya daina shiga, don tsoronsa ɗaya ne: kada a ce gurgu ya gaza, a ba wani kujerarsa.

Lokacin ana wahalar mai, tasha cike take da ma'aikatan Abuja. Kwandasta ya dubi bargona ya ce, "Oga, wannan lodin naka zai biya kuɗin kujera fa." Na ce a cinyata zai zauna, in kuma ya ga dama ya kira shi fasinja. Muka wuce Madalla gari na wayewa, Dutsen Zuma ya yi rawani da hazon damina. Da muka zo inda Yaya ya yi hatsari, na kawar da kaina.

A ofis Malam Isa, mai kula da sito kuma tsohon abokin Yaya, shi ya tarbe ni. Ya ba ni kujerarsa, ya aika aka sayo min lemon kwalba da burodi. Karamcin ya yi yawa, amma ban kawo komai a raina ba. Ya ce wanda ya sa sabon tsarin ya tafi Legas, ba a san ranar dawowarsa ba. Na ce to wa ya haɗa modem ɗin tun farko? Ya ce wani Chidi ne, yanzu ya buɗe shago a Kaduna. Ya kwatanta min shagon yana kallon ƙasa.

"Ɗanlami, anya tafiyar nan dole ce?"

"Malam Isa, mutumin nan ko barci ba ya yi."

Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai kawai ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Zuba zuwa Kaduna

Sai bayan azahar fijo ɗinmu ta cika. Wajen Jere sojoji suka tsayar da mu. Ɗaya ya sa na kwance bargo, ya ƙwanƙwasa akwatin kwamfutar da bakin bindiga.

"Mene ne wannan?"

"Kwamfuta ce, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake. Ina talabijin ɗinta?"

Na ce allon yana gida, ciwon a nan yake. Direba ne ya ja shi gefe suka yi 'yar maganar da aka saba, aka sake mu. Daga Kateri ruwa ya tsuge, rufin motar na yoyo, na cire rigata ta sama na ƙara lulluɓe akwatin. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambaye ni ko gadon marayu ne a ciki. Na ce a'a Baba, abincin gida guda ne.

Mun shiga Kaduna gab da magariba, shaguna sun rufe. Na sauka a Tudun Wada wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zauna tana tambayar jikin Habibu tana share ido da gefen mayafi.

Alhamis: shagon Chidi

Shagon yana saman bene kusa da babbar kasuwa, ɗan tsukuku ne cike da gawarwakin kwamfutoci. Chidi ya gane akwatin kafin in faɗi sunan mai shi. "Na Malam Habibu ne wannan! Yaya ƙafa nashi?"

Ya haɗa ta da allonsa da tarhon shago, ya gwada, ta yi shuɗi kamar yadda take yi a gida. Na ji daɗi, don na yi tsoron ta ƙaryata ni a gaban likita. Ya kwance murfi, ya hure ƙura, ya ɗauke modem ɗin ya mai da ita wani gurbi. Shuɗi. Ya sa tasa modem ɗin, sai ta tafi lafiya. Nan ya tafa hannu, ya ce ya kama ɓarawon: sabon tsarin bai san tsohuwar modem ba, kuma wanda ya yi canjin bai sa ɗan shirin da ke gabatar da su ga juna ba. Ya zaro wani faifai daga kwali ya zura. Kafin shayin da na saya mana ya huce, an gama.

Ya buga lambar ofishin Abuja. Modem ta yi kukanta tun daga farko har ƙarshe, karon farko cikin kwanaki. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Sannan wani ɗan rubutu ya fito a tsakiyar allo, fuskar Chidi ta sauya. Ya sake bugawa, rubutun ya sake fitowa.

"Malam, kwamfuta ya warke. Amma can ofis sun ce ba su san wannan suna ba."

Na karɓi tarhon na kira Malam Isa. Ya yi ta kame-kame, sannan ya fito min da gaskiya. Ashe da sabon tsarin, ma'aikatan sito da kansu suke shigar da lissafi, ba a bukatar kowa a tsakani. Jim kaɗan bayan canjin aka cire sunan Yaya. Manaja ya ce Isa ya faɗa masa, Isa ya ce manaja ya faɗa, kowa na jin nauyin fuskantar mutum a kan gado. Da suka ji kwamfutar ta lalace, sai suka bar ta ta yi musu maganar. Takardun da direba ke ci gaba da kawowa kuwa, tsofaffi ne Isa ke tattarowa don kada Yaya ya zauna haka nan.

"Na so in gaya maka jiya," in ji shi, "bakina ne ya ƙi."

Na so in zage shi, amma na fasa. Na ajiye kan tarhon kawai.

Komawa gida

Tun daga Kaduna har mahaɗar Dikko ina shirya maganar da zan faɗa, in ɗinka in warware. A nan na gane halin da Malam Isa ya shiga, haushinsa ya ragu a raina. Mai babur ya sauke ni a ƙofar gida ana shirin la'asar, daidai lokacin aika aiki.

Na tarar da Yaya a bakin tebur, riga mai guga, hula, turare, takalmi na ƙyalli, takardu jere a gabansa.

"An dace?"

"An gyara, Yaya."

Ni ma bakina ya ƙi faɗin sauran. Na haɗa wayoyin yadda ya nuna min. Ya danna, modem ta yi kukanta har ƙarshe, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, yana cewa, "Rabi, zo ki ji!" Sai rubutun ya fito. Shi yana jin Turanci, ba ya bukatar Chidi. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dubi takardun, ya dube ni.

"Ka kira Isa?"

"Na kira."

"Har da waɗannan?" Ya ɗora hannu a kan takardun.

Na sunkuyar da kai. Ladan ya fara kiran salla. Yaya ya kashe kwamfutar a hankali, bi da bi, yadda aka koya masa. Sannan ya ce, "Rabi, cire min takalman nan."

Ta kasa matsowa daga bakin ƙofa. Ni na durƙusa na cire su, na tura ƙarƙashin gado.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo Asabe da masauki, da Chidi da ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ya ce a gaida Malam Habibu. Kwamfutar kuwa ba ta ƙara yin shuɗi ba har ranar da kamfani ya aiko aka ɗauke ta.