Ranar da Iya Sailuba ta yi tatsuniya da rana

Duk wanda ya tashi a lungunsu na Ƙofar Gayan ya san Iya Sailuba da abu biyu, ɗinkin hula da tatsuniya. Hula ce ta riƙe ta tun rasuwar mijinta. Tatsuniya kuwa ta tara mata jama'a shekara talatin, kafin waya ta zo ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta nuna ba. Cewa take in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ita dai ƙafarta ce ta tsufa.

Doka ɗaya ta riƙe tun ƙuruciya: ba ta tatsuniya da rana. Mahaifiyarta ta ce mata mai yin haka ɓata yake yi, ko da a hanyar gidansu ne. Jikarta Radiya, mai karatun lauya a jami'a, harabar Kongo, kullum sai ta tsokane ta a kan wannan.

"Iya, ina hujjarki?"

"Hujjata ita ce shekarata saba'in ban taɓa ɓata ba, lauyar banza."

Wata Alhamis da azahar Radiya ta dawo ido jawur. Ƙawarta Munira ta yi mata dariya a gurup ɗin ajinsu na waya saboda Radiya ta faɗi wata jarrabawa, 'yan aji suka taya. Ita kuwa Radiya tana da wani saƙon murya da Munira ta taɓa turo mata tana kuka, cewa tana da farfaɗiya, kuma danginta na ɓoyewa. Bikin Munira saura wata ɗaya.

"Wallahi yau sai kowa ya ji shi," in ji Radiya, yatsanta a kan waya.

Iya ta san wa'azi ba zai shiga wannan kunnen ba. Ta dubi rana tsaka a sama, ta soke allurarta a jikin hula, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ga ta nan, ga ta nanki."

"Da rana, Iya?"

"In na ɓata ki nemo ni. Amsa."

Radiya ta amsa a daƙile, "Ta zo mu ji ta."

Iya ta ce wasu 'yan mata biyu ne suka haƙa rijiya a bayan gari, babu wanda ya san da ita sai su. Ran nan ɗayar ta zagi ɗayar a gaban mutane. Wadda aka zaga ta ciko ƙwarya da toka, ta je ta tsaya a bakin rijiyar, don kada mai zagin ta ƙara shan ruwa mai daɗi.

Daga nan Iya ta dakata da labarin, ta ɗauki allurarta.

"To, sai me?" in ji Radiya. "Na san ƙarshen, ita ma ƙishi zai kama ta. Iya, wannan labarin yara ne. Duniyar yanzu in ka yi shiru taka ka ake yi."

"Ba na yara ba ne. Ta zuba tokar." Muryar Iya ta yi ƙasa. "Sunan ɗayar Mariyamu, mai tokar kuwa ni ce. A gidan biki na tona mata asiri, mata suka yi shewa, na ji daɗi na wuni guda. Shekara arba'in muna unguwa ɗaya ba ta sake shigo min ɗaki ba. Ranar da ta rasu na je gaisuwa, na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Har gobe ina kewarta."

Radiya ta daɗe tana kallon wayar, Iya kuma tana ɗinki tana kuskuren zare. Can Radiya ta danna wani abu, ta juyo da wayar ta nuna mata, ko da yake ta san tsohuwar ba ta iya karanta boko ba.

"Na goge."

Ta ɗauki hijabinta ta nufi zaure.

"Sai ina kuma?"

"Gidan su Munira. Faɗan nan sai mun yi shi, amma mu biyu."

Iya ta share ido da bakin zaninta.

"Ku yi ta yi," ta ce. "Gobe ki zo min da ita."